Garin da Ya Ƙi Ruwa

Inna Yalwa ta daka saiwar rawaya,
ta tankaɗe a rariyar laushi,
ta zuba a kofin silba, ta juya, ta juya.
Rabi ya yi iyo a sama,
rabi ya kwanta a ƙasa, ya ƙi ruwa.
Baffa Sammani ya kurɓa, ya yamutsa fuska.
Maganin na manne a gindin kofi,
idonsa kuwa kamar kwaiduwa.

Ni da na karanta haɗa magani a Bayero
na san abin da ban iya faɗa mata ba:
abin da bai narke ba, hanji ba ya ɗauka,
jini ba ya kai shi gidan hanta.
Ɗan dubiya ne da ya shigo ta zaure,
ya fice ta ƙofar baya
bai ce wa mara lafiya sannu ba.

Wata shida ina ɗakin gwaji.
Na niƙa shi har ya fi kwalli laushi, ya dunƙule.
Na dafa shi, ƙarfinsa ya gudu.
Aka ɗauke wuta, inji ya tsaya,
na zauna a duhu ina ƙirga kwalabe.

Wata Laraba na kai wa Baffa kunu Ƙofar Mata.
Ba ya iya muciya yanzu,
zama kawai yake bakin rijiyarsa.
Ya ce, 'yar nan, ai baba ma haka yake,
ko ya shekara a ruwa ba ya kama zane,
sai an haɗa shi da toka, an ba shi kwanaki,
sannan ya saki jiki.
Mai taurin kai ba duka yake so ba,
ɗan rakiya za ki nemo masa.

Na bi ta Kurmi, na sayi ƙaro na ɗari biyar.
Na sa shi ya goya kowace ƙwayar gari.
Kwalba ta goma sha bakwai, gab da la'asar,
ruwa ya fito garau, launin zuma,
babu ko tsaki a ƙasa.

Ban yi guɗa ba.
Saura ɓeraye, saura takardu, saura shekaru,
hanta kuwa ba ta san layi ba.
Na kira Inna. Ta ce ya samu barci,
tana bakin famfo
tana kankare gindin kofi da farce.