Mai Gadin Ruwa

Ni ne malamin aji huɗu
a firamaren da ke bayan kasuwa, nan Kabala.
Yara sittin da bakwai, alli guda,
sai tsumagiyar da nake jinginawa jikin allo.

Nazifi yakan yi barci.
Ba gyangyaɗi ba, barci na haƙiƙa,
kunci a kan littafin lissafi,
yawu ya jiƙa jadawalin sau bakwai.
Na tsai da shi a rana. Na sa shi kamun kunne.
Na rubuta a gefen sunansa: malalaci.
Da jan biro na rubuta.

Ofishin Malama Hansatu da can sito ne.
Har yau akwai karyayyun bencina a kusurwa,
da tabarma, da kujerar roba da aka ɗinke da waya,
da gwangwanin madara cike da 'ya'yan dara.
A ɗakin malamai mukan ce,
wannan ai cin albashi kawai take,
ba aji, ba maki, hira ce sana'arta.
Ni ma na faɗa. Ni na fi kowa dariya.

Wata Talata ta leƙo ta taga,
ta ce, ara mini yaron can.
Na ce, ɗauka, ba sai kin dawo da shi ba.

Kwana uku ba ta tambaye shi komai ba.
Sun haƙa gurabe a gindin mangwaro,
ya cinye ta sau biyu, ta yi masa tafi.
A na huɗu hadari ya haɗo daga gabas.
Ɗan dara ya suɓuce masa,
ya kafa wa sama ido, yatsunsa na rawa.
Ta ce, me ka hango?
Ya ce, yau ma babu barci.

Ashe bara, daren da kogi ya shigo unguwa,
shi ya fara jin sanyi a tafin ƙafa.
Ya ta da babansa.
Katifa ta tafi, akuya ta tafi,
ƙanwarsa ta tsira a kan kafaɗa.
Da gari ya waye maƙwabta suka ce,
wannan yaro shi ya ceci gidan.
Su sun faɗa sun wuce,
shi kuwa ya ɗauka ya rataya a wuya.
Tun daga nan, da an soma yayyafi,
sai ya rarrafa bakin ƙofa,
ya shimfiɗa hannu a kan siminti,
yana jiran kogi har kiran assalatu.

Shekararsa tara.

Ba ta aika takarda ba.
Ta tari keke da kuɗin jakarta,
ta iske Malam Isiyaku yana walda a bakin titi.
Ta ce, ɗanka yana yi maka gadi.
Karɓi aikinka,
amma ka faɗa masa da bakinka, yana kallonka.
An ce mutumin ya tura baƙin gilashi kan goshi,
ya daɗe bai ce uffan ba,
har ƙarfen da ke gabansa ya huce.

Damina ba ta tafi ba tukuna.
Wani lokaci kan nasa yakan sunkuya,
sai in wuce, in yi kamar ban gani ba.
Jiya na ce, bakwai sau takwas?
Ya ɗaga hannu. Ya ce, hamsin da huɗu.
Ba daidai ba ne.
Amma idonsa biyu ya faɗa.

Na buɗe rajista in gyara abin da na rubuta,
ashe jan biro ba ya gogewa.

Yanzu in na juyo daga allo,
ina duban sauran sittin da shidan nan,
da wadda ba ta cin tara a gaban mutane,
da wanda cizo ne gaisuwarsa,
in ce a raina, kai kuma me kake gadi?
Ban iya tambayar a fili ba.
Sai in nuna musu ƙofar sito.