A Ga Ka Gani

Shekara goma sha tara ina riƙe da sitiyari
har tafin hannuna ya yi kanta.
Na san kukan inji kamar tarin ɗana cikin dare.
Na sauka Hammerfest,
matar ofis ta juya lasisina gaba da baya,
ta ce, da murmushi: wata uku.
Bayan nan takarda ce kawai
mai hotona, lokacin ina da gashi.

To. Na koma ɗan koyo.

Torunn ce malamata.
A haife na haife ta,
amma tana da nata birki a ƙarƙashin ƙafa,
kuma ba ta jin nauyin taka shi.
Sa'a ɗaya a gefenta,
kifi kwando nawa na feɗe a masana'anta?
Na bar lissafi. Lissafi na hana barci.

Ranar farko na danna oda
don gaida wani tsoho mai jan kare.
Tsohon ya firgita, karen ya firgita,
Torunn ta ce: wa zai mutu?
Na ce babu.
Ta ce to bar ta ta huta.

Sun kai ni filin santsi,
suka ce gudu, suka ce taka.
Motar ta juya da ni sau biyu kamar faifai,
na banke wata dabbar soso
mai ƙaho kamar rassan itace.
Ni da na haura gada rabi a ruwa
da buhu ɗari uku a baya!
Ƙanƙara ba ta tambayi tarihina ba.

Gwajin farko, watan da rana ba ta fitowa.
Ƙarfe sha ɗaya na safe, fitilu a kunne.
Mai gwajin, Eilif, bai ce uffan ba,
biro kawai ke tafiya.
Ban taɓa kowa ba, ban hau layi ba,
na ajiye motar kamar ƙwai a kasko.
Ya ce: ba ka waiwaya ba a shatale-tale.
Na ce na ga mai keken,
jar hula, jaka a baya, tun daga nesa.
Ya ce: na yarda.
Amma ni ban ga ka gan shi ba.

Na tafi da maganar gida a bas,
na ci tuwon semo da ita, na kwana da ita.
A can, wutsiyar ido ta ishe ni.
A nan sai wuya ya yi shaida.
Ashe ba a mota kaɗai ba:
a layin kanti, a gaban likita, a taron makarantar 'yata,
sani bai isa ba,
sai an ga ka sani.

Wata biyu ina waiwaye.
A kicin ina waiwaye, a matakala ina waiwaye,
har 'yata ta ce, Baba, wa ke bin ka?

Gwaji na biyu, Eilif ɗin dai.
Na juya wuya har ya yi ƙara.
Wajen gari garken barewar ƙanƙara ya tare hanya,
ba su da lasisi, ba su da sauri.
Na tsaya. Na ƙirga sha huɗu.
Ta ƙarshe gurguwa ce, na jira ta.
Biron bai motsa ba.

Ya miƙo hannu. Hannunsa da ɗumi, ban zata ba.

Da yamma na ari motar Tesfalem, abokin aikina,
na bi bakin teku ni kaɗai,
kujerar gefe ba kowa, birki ɗaya tal.
Inda gidaje suka ƙare na tsaya,
na duba madubi, na waiwaya hagu, na waiwaya dama,
na tabbata ba tsoho, ba kare,
sannan na danna oda, sau biyu, gajeru,
yadda muke yi in mun iso lafiya.