Harafi Ɗaya

Dare na tara ke nan Tuure Kemppainen bai ga katifa ba.
A bakin daskararren tafki, can cikin dajin Kainuu,
ya shimfiɗa waya taku ɗari huɗu a kan ƙanƙara,
bakinta yana duban kudu.
Barewar daji ta tsinka ta ranar Talata, ya ɗaure da yatsun da ba sa jinsa.

Kunnen hagu ya bar shi tun a masana'antar katako.
Da na dama yake farauta.

Zangon mita ɗari da sittin ba ya shiri da rana.
Sai duhu ya yi gada
daga ƙofarsa har wani tsibiri a ƙarshen teku,
inda mutum goma sha ɗaya suka kafa tanti a kan dutse,
iska na yi musu kashedi,
janareta na tari,
tsuntsayen da ba sa tashi suna kallonsu kamar masu bin bashi.
Jibi jirgin ruwa zai kwashe su.
Ƙila shekara ashirin kafin wani ya sake zuwa,
shi kuwa saba'in da takwas gare shi.

Rediyo na soya tsaki kamar mai a kasko.
Shuuu.
Kofi ya huce. Murhu ya ci itacensa ya yi shiru.

Can ƙasa, ƙarƙashin hayaniyar,
wani abu siriri kamar zaren gizo-gizo:
ɗigo, ja, ɗigo.
Su ne.

Ya ɗora yatsa a maɓalli, ya buga lambarsa.
Dubu suna bugawa tare da shi,
kowa na ihu a bakin rijiya ɗaya.
Ya sake. Ya sake.
Alfijirinsa na tasowa, magaribarsu na sauka,
minti shida suke gaisawa a hanya.

Sai ga amsa.
Lambarsa ce, daga bayan duniya,
amma harafin ƙarshe ya rasa ɗigo ɗaya:
sunan wani ne, ba nasa ba.

Ya gyara, a hankali, sau biyu.
Zaren ya yi rawa, ya ce wani abu,
rana ta leƙo ta kan itatuwa ta haɗiye sauran.

Riitta ta shigo da burodi, ta dubi fuskarsa.
"Sun ji ka?"
"Sun ji wani mai kama da ni."

Ya rubuta lokacin a littafi da fensir, ba da biro ba,
ya sa takalmi,
ya fita duba waya.