Layi Na Dubu Huɗu Da Sha Bakwai

Ƙarfe tara na dare, Samaru ta lafa,
sai janaretan maƙwabta ke ta tari.
Malam Tanimu ya bar min filasha uku a kan tebur,
ya ce, "Kyauta, kafin asuba
a zuba su duka cikin rumbu."

Rumbu! Kakana ma yana da nasa a Bomo,
na laka, mai hular ciyawa,
bai taɓa tambayar dawa sunanta ba.
Wannan kuwa, kowace ƙwaya sai ta nuna takarda.

Fayil na farko daga wani asibiti a Tudun Wada,
na biyu daga Wusasa,
na uku ba asali, an dai sa masa "sabo na ƙarshe".
Na buɗe manhaja, na shimfiɗa hanya:
nan mashiga, nan rariya, nan mazurari.
Na ɗaura suna da suna, shekara da shekara,
kamar masaƙin da zare ya tsinke masa.
Na danna.

Ja.

Wani ya juya wata da rana,
ga jariri an haife shi ran uku ga watan ashirin da biyar.
Na gyara.
Wata ta rubuta adireshi yadda ake yi wa baƙo kwatance:
bayan masallaci, kusa da mai niƙa, gida mai durumi.
Kowane waƙafi ya tashi katanga,
mai niƙa ya faɗa gurbin nauyin jiki,
durumi ya zama rukunin jini.
Na yi dariya ni kaɗai, har mai gadi ya leƙo.

Sai haruffanmu masu lanƙwasa.
Ɗanladi ya shiga lafiya,
ya fito da alamar tambaya a kai.
Ƙasimu ma haka.
Na'urar ba ta san su ba,
ni na san su, na canja mata saiti,
kowa ya ɗauki hularsa ya wuce.

Ƙarfe biyu. Shayi ya huce, sauro ya samu ƙafata.
Layuka na gudu kamar ruwan Kubanni a Agusta,
dubu ɗaya, dubu uku, dubu huɗu,
sai suka tsaya cak.

Hanne Barau, Gyallesu.
Hanne Barau, Gyallesu.
Manhaja ta ce maimaici ne,
a goge ɗaya, a bar ɗaya.
Yatsana har ya kai.

Na ja allon zuwa dama.
Ta farko, shekara talatin da ɗaya,
an kwantar da ita ran tara ga Maris,
gurbin ranar sallama fayau, ba komai.
Ta biyu, shekara sifili,
an kawo ta rigakafi a Afrilu,
kilo uku da ɗigo biyu.
Wadda ta kawo ta: gwaggo.

Na ɗauke hannuna daga linzami.

Ashe an mayar mata da sunan.
Wani gida a Gyallesu ya riga ni wannan lissafi,
ya ga gurbi, ya cike da abin da ya rage.
Ba maimaici ba ne, ke na'ura,
ba ki je zaman makoki ba,
ba ki je suna ba.

Na ƙara sharaɗi guda: a duba ranar haihuwa
kafin a ce mutum biyu mutum ɗaya ne.
Na sake dannawa.
Suka shiga tare, uwa a gaba, 'ya a baya,
kowacce da lambarta.

Kore.
Layi dubu sha ɗaya da ɗari biyu da shida, ba ragi.

Ladanin unguwa ya gyara murya.
Waya ta yi ƙara: "An gama?"
Na rubuta, "An gama, Malam."
Ban faɗa masa sauran ba,
babu gurbinsa a rahoto.