Laima a Shafi na Bakwai

Ruwan sama a Porto ba ya neman izini.
Shekara talatin da huɗu Baltasar Quintela
yana tare shi da ƙarfe takwas da yadi,
a wani lungu mai gangarawa kogin Douro.

Jikarsa Ondina ce ta kai shi kasuwar da ba ta da rumfa,
kasuwar cikin waya.
Ta ce, Kaka, nan duniya ce ke bi ta ƙofarka.
Haka kuwa aka yi.
Laimarsa mai launin ganyen zaitun ta kai Oslo, ta kai Dublin,
har wata mata ta rubuto cewa iska ta gwada ta, ta haƙura.

Abin da bai sani ba,
mai kasuwar ba ya ƙifta ido.
Yana ƙirga wanda ya leƙa ya wuce,
da wanda ya tsaya daƙiƙa tara a kan hoton mariƙi,
da wanda ya fasa saye saboda Yuro biyu,
har da ranar da hadari zai haɗu a kan kowane gari.
Mudu a hannunsa, fitila a hannunsa,
shi ke nuna wa baƙo layin da zai bi.

Shekara na zagayowa sai ga wata laima a shafin farko,
launin zaitun, ƙarfe takwas,
ragin Yuro biyu cif,
da tambarin mai kasuwa a gindin mariƙi.
Ta Baltasar ta gangara shafi na bakwai,
inda ko ɓatan kai ba ya kai mutum.

A Lisbon, a hawa na biyar,
lauya Graça Meireles tana jan layi da jan biro.
Doka ta ce girma ba laifi ba ne,
laifin shi ne ka shiga kokawa kana alƙalin fili.
Ta nemi a nuna mata yadda injin ke jera kaya.
Aka aiko da takarda dubu goma sha ɗaya
da lauyoyi tara masu murmushi iri ɗaya.
Suka ce ba wanda ya zaɓa, lissafi ne kawai.
Ta ce, to, wa ya reni lissafin?

Shari'a ta ci shekara shida.
Tarar da aka yanke, sifilinta ya cika layin jarida.
Cinikin kwana huɗu ne.

Baltasar ya karanta labarin a tsohon shagonsa,
inda yanzu ake sayar da kofi.
Ruwa ya sauko. Titi ya cika da launin zaitun,
ba ko ɗaya da ta san hannunsa.
Iska ta kifar da ta wata yarinya a bakin ƙofa,
haƙarƙari biyu suka fito waje.
Ya laluba aljihu, filayarsa tana nan.
Ya ce, kawo nan, 'yata,
ba su kwafi wannan wurin da kyau ba.