Koren Ɗigo

A Yamai, duk abin da Mushe Kiyari ya sani game da ni
ɗigo ne kore a gefen sunana.
In ya koma ruwan ɗorawa,
to, na zama malalaci.

Yau famfon Garin Malam ya yi tari
bayan kwana shida yana gum.
Na ɗora Falmata kan kujerata:
"Riƙa taɓa nan, ɗiyata,
kada ki bari ya yi gyangyaɗi."
Na ruga da jarka biyu.

Ina layi, rana na dukan ƙeyata,
a can kuwa wai ina biro.

Na dawo, riga sharkaf.
Ta aika masa "jjjjjjj".
Ya amsa: "Madalla. Ci gaba."