Ƙugiya

A unguwarmu ta Limancin Kona
in guga ya tsinke ya faɗa rijiya
ba a tada hankali,
sai a aika yaro ya kira Baba Jatau da ƙugiyarsa.
Yakan kwanta rub da ciki, ya rufe ido,
ya ce a ƙasan ruwa hannu ke gani.

Shekara talatin yana haka.
Sai ga shi kan gado a Shika,
ƙoda ta ƙi aiki.
An huda wuyansa za a sa robar wankin jini,
siririyar wayar da ke wa robar jagora
ta suɓuce daga yatsun wani matashin likita,
jijiya ta haɗiye ta.

Bai ɓoye ba. Shamsu sunansa.
Ya same ni a baranda, leɓensa a bushe,
ya ce, "Daga hannuna ne."
Na so in ci kwalarsa.
Hannuna ya ƙi tashi.

A hoton ƙirji na gan ta:
farin zare, ya lanƙwashe kamar lam,
bakinsa na ƙwanƙwasa ƙofar zuciya.
Shi ya sa bugun ke tuntuɓe, in ji su,
uku daidai, na huɗu a karkace.
In ta daɗe jini zai daskare a jikinta,
ko ta yi huji inda ba a ɗinkewa da sauƙi.

Dakta Asabe ta zo bayan la'asar.
Ba ta tsaga ƙirji ba.
Ta matsematsi ta bi,
ta tura ɗan zarge cikin jijiya, idonta kan allo.
Ta jefa, ya kuskure.
Ta sake, ya goga ya wuce.

Nas ce ta ba ni sauran labarin:
wai Baba, da yake ba a sa shi barci ba,
ya yi magana daga ƙarƙashin koren ƙyalle,
"Yarinya, daina bin sa.
Tsaya inda zai zo."

A ta biyar zargen ya kama.

Yanzu tana cikin leda, a ƙusa ɗaya da ƙugiya.
Ran da aka sallame mu
Baba ya ƙi hawa keke napep sai an nemo Shamsu.
Ya riƙe yatsun nan, ya jujjuya su,
ya ce, "Wanda gugansa bai taɓa faɗawa ba,
ba shi ke ɗebo wa gida ruwa ba."

Ni dai har yau ban gaishe shi ba.